Tabarma a Kan Sola

Litinin, 27 ga Janairu

Yaya Muhammad Auwal ya kira daga Roni. Alkamarsa ta fara fitar da kai, amma ruwa ba ya isa fangalin ƙarshe. Ya ce da safe yake kunna injin sola ya tafi shagonsa, kafin ya dawo da la'asar rabin gonar a bushe. Ni na sa sunansa a shirin noman rani na ofishinmu, ni na kai injin da motar ofis. In alkamar nan ta mutu, shekararsa ta tafi, ni kuma a ce na ba ɗan'uwana ya lalata.

Alhamis, 30 ga Janairu

Taro a Kazaure. Shugaban shirin ya ce sola ta 'yantar da manomi daga tsadar fetur, yanzu ruwa kyauta ne daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. An tafa. Ni ma na tafa, hannu ba ya jin kunya. Ruwan da aka raba mana a wurin taron na roba ne, daga Kano.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na je gonar. Injin lafiyarsa ƙalau, tiyo bai fashe ba. Amma a kusurwar farantin sola na ciro zaren kaba, ga duwatsu a ƙasa da ba su da aikin yi a wurin. Wani yana rufe farantin da rana, ya janye kafin Yaya ya dawo.

Yaya ya ce Hamma ne, makiyayin da tafkin shanunsa ya ƙafe bana tun kafin lokaci. Ni Daudu nake zargi, mai sayar da fetur a bakin titi. Tun da aka raba sola jarkokinsa suke zaune. Yau ya gaishe ni har da durƙusawa, ya ce, "Hajiya, yaya injin namu?" Namu.

Na biya na gaida Gwaggo Shatu, ƙanwar Baba, a ƙauyen da ke bayan gonar. Ta ba ni ruwa rabin kwano, ja-ja, ta tsaya a kaina har na sha. Tsufa ya fara sa ta rowa.

Talata, 4 ga Fabrairu

Yaya ya yi wa Hamma magana a gaban mai unguwa. Hamma ya ce wai da zai taɓa injin, da karya shi zai yi, ba lulluɓe shi ba kamar jariri. Na yarda da shi, kuma hakan bai kwantar min da hankali ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Daudu ya yi kwana uku a Babura wajen biki. An rufe farantin duk da haka.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na ce wa ofis ba ni da lafiya. Na zauna a bayan darbejiya da hantsi kamar ɓarauniya, da digirina da komai. Da maza suka wuce masallaci sai ga mutum tafe a hankali, tabarma a ka. Gwaggo. Ta shimfiɗa ta a kan farantin, ta danne da duwatsu, injin ya yi tari ya mutu. Ko waige ba ta yi ba.

Na fito na ce, "Gwaggo, ashe ke ce?"

Ta ce, "Au, 'yar boko, kin zo? Kama min can, iska na ɗagawa."

Na ce alkamar ɗanta ce fa take kashewa. Ta ce ta sani, ita ta goya shi. Ta ce da, da fetur suke ban ruwa, in ya ƙare dole su huta, rijiyar ƙauye ma ta huta. Yanzu injunan fadama ba sa gajiya, guga kuma laka yake kawowa. Sau biyu matan ƙauyen suka ƙara igiya. In ta rufe wannan, da yake shi ne mafi kusa, da yamma suna samun ruwan tuwo a rijiyar.

"Me ya hana ki faɗa masa?"

"Na faɗa. Ya ce ke kika ce ruwan kyauta ne."

Na san wannan lissafin na ruwan ƙarƙashin ƙasa tun ina aji uku a jami'a. Ban dai taɓa ganin sa cikin kwano ba. Ban kama mata tabarmar ba. Ban kuma cire ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yaya ya tambaya ko na gano. Na ce masa ya je ya ba Hamma haƙuri, sauran ya bar min. Na ce kuma ya haƙura da fangalin ƙarshe, ya shayar da na kusa da sassafe. Ya ce, "Rabin gona kenan." Na ce rabin gona kenan.

A rahoton ofis na rubuta cewa injin yana aiki yadda ya kamata. Gaskiya ne.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kai wa Gwaggo sabuwar tabarma. Tata ta yi gajarta, kusurwa ɗaya ta farantin tana shan rana. Na ce ta zama ce, don baƙi. Ta auna ta da ido, ta ce Allah ya yi albarka.

Ta ba ni ruwa, kwano cike. Har yanzu ja ne.