Saukowar Inna daga Bene

Zuwa ga 'yata, Uwar Gari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiyar Allah.

Na ji a rediyo an ba ki kujerar mataimakiyar shugaban birni, wai gidaje da tsarin gari da ayyukan yi duk sun dawo hannunki. Ni kaɗai a ɗaki na miƙe tsaye kamar wanda aka kira. Allah ya taya ki riƙo. Yarinyar da nake zaunarwa a bayan kujerata cikin bas, tana tambayata me ya sa wannan titi ya lanƙwashe wancan ya miƙe, har fasinjoji su ce in ba ta amsa su huta, yau ita ake tambaya. Da ƙanwata mahaifiyarki tana raye, da ba mai iya zama kusa da ita don alfahari. Na gode wa Allah da ya nuna mini, ke ma na gode miki da ba ki ba mu kunya ba.

Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Kunnena ya yi nauyi, sai na ɗaga murya, matata Innarki kuwa ƙafa ce ta gaza mata, kunnenta ras yake. In ta ji ina roƙonki alfarma, na shiga uku.

Kin san muna hawa na ƙarshe, kuma benen nan ba shi da lif, na'urar hawa da sauka. Tun da ƙafafunta suka ƙi, in za a kai ta asibiti sai maƙwabta sun ɗora ta a kujera sun sauko da ita, suna nishi, ita tana rufe fuska da mayafi. A zuwan ƙarshe ɗayansu ya yi tuntuɓe a kwanar matakala. Ba ta faɗi ba, amma ta ce an gama ɗaukarta kamar buhu. Likita yana jiranta, ita kuwa ta kafe.

To, kin san telan da ke ƙasanmu. Shagonsa ɗaki biyu ne har da banɗaki, sai dai duhu kamar rijiya, don ginin gabanmu ya tare masa rana. Shi da matan da ke masa ɗinki sai sun kunna fitila da tsakar rana kafin su zura zare a allura. Mu kuwa a sama rana har ta gundure mu. Sai muka shirya ni da shi: ya hau da kekunansa, mu sauko. Har mun fara ɗaure kaya sai ga mai duba gine-gine daga ofishinku, ya ce doka ta hana, ƙasa ta sana'a ce, sama ta kwana. Mutumin kirki ne, har ya durƙusa ya gaida Innarki, amma ya ce a kwance kayan.

Yanzu da ke ce babbarsu, sa hannunki ɗaya ya wadatar. A gaida mutanen gida.

Kawunki, tsohon direba.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Addu'arka ta iso, na gode ƙwarai. Duk abin da na zama, a gidanka na fara shi.

Kawu, ka yi haƙuri, ba zan iya sa hannun nan ba. Ma'aikacin aikinsa ya yi. An kafa dokar ne don kada a mai da shagunan ƙasa ɗakunan kwana, masu sana'a su rasa wurin neman abinci, kuma don gudun gobara a sama. In na ɗage ta saboda gidanmu kaɗai, gobe wani mai hali zai kori masu shaguna ya zuba 'yan haya, ya ce ai an yi wa kawunta. Ranar nan ba ni da bakin hana shi.

Amma wasiƙarka ta hana ni sakat. Na tura ma'aikata sun bi benayen unguwarku ƙofa ƙofa, abin da suka dawo da shi ya sanyaya mini jiki. Irin Inna suna da yawa. Akwai tsohon da rabonsa da taka ƙasa tun jikarsa tana goye, yanzu tana makaranta. A ƙasa kuma akwai teloli da masu gyaran agogo da masu saƙa, waɗanda haske suke nema, ba bakin titi ba. Ba wanda ya taɓa haɗa maganar biyu sai kai da tela.

Zan kai ƙuduri gaban majalisar birni, a yarda da musaya in ɓangarorin biyu sun amince, ga sana'ar da ba ta da wuta ko ƙara, bayan an duba wayoyin lantarki. Majalisa ba ta sauri, ba zan ɓoye maka ba. Kafin nan na roƙi likitan ya riƙa hawowa yana duba ta, kodayake ya ce akwai gwajin da sai a asibiti. Ranar hutu zan zo da kaina.

Ka huta lafiya. 'Yarka.

*

Ranki ya daɗe,

Salama. Muna lafiya, in ban da wadda kika sani.

Kin zo ranar hutu, kin hau benen kina haki, kin zauna kin yi hira da Innarki kamar ba komai, ni kuma ina kallonki ina cizon leɓe. Na nemi ƙofa ɗaya, kin ce sai kin gyara gari. Madalla. Tun zuwan naki an yi ruwa an ɗauke, majalisarku tana nan tana shan iska. Likitan yana hawowa, ba zan ci haƙƙinki ba, amma jiya ya ja ni waje ya ce gwajin nan ba zai ƙara jira ba. Ƙafarta ta dama ta fara kumbura. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta juya fuska ga bango.

Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji. Gara in faɗa miki da in bar shi a ciki.

Kawu.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Na karanta wasiƙarka, ban ga laifinka ba ko kaɗan. Ni ma tsoron nake ji.

Majalisa ta zauna jiya, ƙudurin ya wuce. Amma akwai abin da nake son ka ji daga bakina kafin ka ji a gari.

Da aka buɗe zaman, na gaya musu cewa matar kawuna tana cikin waɗanda abin ya shafa. Zauren ya ɗau hayaniya. Wani ɗan majalisa ya ce ashe dokar gida ce aka yi mata rigar gari. Waɗanda suka yi alkawarin goyon baya suka fara kallon takalmansu. Na ga ƙudurin yana mutuwa a gabana, da Inna a ciki, da tsohon nan, da sauran duka. Masu duba wayoyin kaɗan ne, dole dama a bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Sai na ce a rubuta a cikin ƙudurin cewa benenku shi ne na ƙarshe. Ba su suka nema ba, ni na ce. Daga nan na fita na bar su suka kaɗa ƙuri'a, na zauna a bencin baranda tare da masu jiran takardun fili.

Ban san ko na kyauta ba, Kawu. Na san dai in ba haka ba, da ba wanda zai sauko. Ina roƙonka ka gaya wa Inna komai, har da wannan. In ta yi fushi, da ni za ta yi, kuma ta isa.

Allah ya bar mana ku. 'Yarka.

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran. Na san shiruna ya yi tsawo. Sau da yawa na ɗauki biro na ajiye, don abin da zai fito ba na aikawa ba ne.

Ban gaya wa Innarki ba sai shekaranjiya. Muna bakin taga muka ga an tsaya da motar kaya a benen da ke kallonmu. Mai gyaran agogo yana hawa da akwatunansa, sai ga tsohon nan da kika ambata an sauko da shi. Da aka dire kujerarsa ya sa aka cire masa takalmi, ya ɗora tafin ƙafarsa a ƙasa. Jikarsa tana ta tsalle a gefensa. Ni dai sai na fashe, na zayyana wa Innarki komai, da roƙon da na yi a ɓoye, da ƙin da kika yi, da yadda kika mai da mu ƙarshen layi da bakinki. Ina jiran ta taya ni faɗa.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana sauke masu tsallake layi daga bas, har da limamin unguwa, yau kai ne kake neman a shigar da kai ta taga?"

Na ce ai wannan daban. Ta ce ba wani daban. Ta kuma ce tun da ta ji ƙarar biro da safe ta san ina ƙulla wani abu, don ni ba mai rubutu ba ne. Daga nan ta juya ta kalli tsohon, ta ce, "Ka kira maƙwabta gobe su sauke ni. Tunda akwai layi kuma ina ciki, ba zan mutu a sama kafin ya iso kaina ba."

Jiya aka sauke ta. Ta rufe fuska kamar kullum, amma ta je. An yi gwajin, likita ya ce an zo a makare, sai dai ba a makara sarai ba, ya canja mata magani. Abin da lallashina ya kasa, layinki ya yi.

Har yanzu ina ganin da kin sa mu ko a tsakiya ne, da ba wanda zai mutu. Amma na gode, 'yata. Na gode da likitan, na gode da bencin da kika zauna a kai, kuma na gode a madadin tsohon can da bai san ki ba. Tela yana gaishe ki, ya ce ki gaya wa masu duba wayoyi ya san girman rigar kowannensu.

Allah ya yi miki albarka. Kawunki.

*

Uwar Gari,

Assalamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice, don ina tsaye ne a kan kaya.

Layi ya iso. Tela yana sama yana zura allura ba fitila, masu kawo ɗinki suna hawa suna tsine masa. Mu kuma muna ƙasa.

Innarki tun safe tana bakin ƙofa a kujerarta. Ta ce duk mutanen titin nan ta tsakar kai ta san su, wannan mai sanƙo, wancan mai jar hula, yau ta ga fuskokinsu. Duk wanda ya wuce sai ta tsai da shi ta kalle shi da kyau. Mai gyaran takalma ashe wushirya gare shi, ta yi ta dariya har hawaye, daga baya kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Na ce a shiga ciki a huta, ta ce ta gama zaman ciki.

In kin zo kada ki hau. Ƙofar farko ce, a buɗe za ki same ta.

Allah ya saka miki da alheri. Kawunki.