Troels Ya Dawo da Fuskar Baba

Thyborøn,
ƙarshen Nuwamba.

Zuwa ga Yayata Bodil,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Alistair da yara, kuma sanyin Kanada bai matsa wa gwiwarki kamar bara ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ku. Mu nan muna nan yadda kika san mu. Iskar teku ta yaye wa maƙwabci rufin ɗakin ajiya, kifi ya yi ƙaranci, matata Solvej kuma ta koma aiki bayan ciwon bayan nan nata. Inna tana cin abinci tana barci. Sai dai akwai maganar da na kasa gaya miki a waya, domin duk lokacin da na kira, Inna ko Troels yana kusa.

Kin ji cewa Troels ya baro jiragen kamun kifi na Girinlan ya dawo gida, amma ba ki ji yadda ya dawo ba. Ranar da na je tarbarsa tashar jirgin ƙasa, na bi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ina neman mai irin fuskata. Abokin tagwaicina ne, wanda ko ke kanki sai kin duba tabon goshina kafin ki san wa za ki mara. Kowa ya watse, ya rage wani tsoho a kan benci yana naɗa taba. Na wuce shi, na dawo na sake wuce shi. Sai ya yi tari. Yaya, tarin Baba ne, wannan mai farawa daga can ƙasan ƙirji ya ƙare da ɗan fito. Na juyo na dube shi. Ya ɗago kai ya ce, "Kai Vagn, makanta ta kama ka ne, ko girman kai ka koyo?"

Kumatunsa sun zurma, fatar fuskar ta yamutse ta yi launin toka, leɓensa duk ya tattare. Haƙoran gaba sun tafi, yatsu biyu na dama sun rine kamar an tsoma su a shayi, bayansa ya ranƙwafa. Daga tasha zuwa mota sai da muka yi ta tsayawa, wai yana kallon gari, alhali ƙafarsa ce ke riƙewa. Muka biya gidan burodi, mai sayarwa ta tambaye ni ko mahaifina zai so mai laushi saboda haƙora. Troels ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce mata e, kuma ɗan nan nasa ba ya jin magana. Na taya shi dariya. Amma washegari a bakin tashar ruwa, tsoho Laurids, wanda ya ɗauki akwatin gawar Baba da kafaɗarsa, ya hango shi tafe cikin yayyafi. Kofin gahawa ya suɓuce daga hannunsa. Ya kira shi da sunan Baba, ya ce, "Ejnar, ai mun binne ka." Babu wanda ya yi dariya a wurin.

To, sai Inna. Kin san yadda mantuwa ta cinye ta, tun bazara ba ta haɗa magana mai tsawo, ni ma wani lokaci sai ta kira ni mai gyaran famfo. Da muka shiga, Troels ya tsaya a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya yi tari, warin tabar rigarsa ya riga shi shiga falo. Inna ta miƙe zaune ba tare da an kama ta ba. Ta shafa gashinta, ta ce wa Solvej ta ɗauko mata shuɗiyar rigarta ta zuwa coci. Da ya shigo ta dube shi da idon da rabon da in gani tun muna yara, ta ce, "Ka daɗe, Ejnar. Gahawarka ta huce." Na ce mata Troels ne, ɗanta. Ta harare ni, ta ce Troels yaro ne kyakkyawa, in daina shashanci a gaban ubana.

Da farko ya ɗauki abin wasa. Ya zauna a kujerar Baba ta jikin taga don ya faranta mata, tana yi masa hirar mutanen da suka daɗe a ƙasa, yana amsawa da to da haka ne. A hankali na ga wasan yana canzawa. Ya fara ajiye akwatin tabarsa a inda Baba yake ajiye nasa, ba wanda ya nuna masa. Wata rana da azahar ina gyaran raga a tsakar gida, na ji an ce, "Kai yaro, ƙullin nan ba zai riƙe ko kifin sardin ba." Sai da na ce "To, Baba" kafin na waiwaya. Muka tsaya muna kallon juna, ni da wanda muka kwanta ciki ɗaya. Shi ya fara kau da kai.

Solvej ce ta ja shi wajen likita da ƙarfin tsiya, saboda babban ɗan yatsan ƙafarsa ya fara baƙi. Ni na raka shi. Likitar ta duba takardunmu, ta dubi fuskokinmu, ta sake duba ranar haihuwa. Ta ce jijiyoyin jininsa sun tsufa sun ƙanƙance irin na ɗan tamanin, huhun ma haka, alhali mu biyun ba mu kai sittin ba. Ta ce jiki ɗaya aka ba mu, hayaƙi ne ya sa nasa ya yi gaba ya bar nawa. Idan ya daina yanzu, watakila a ceci ƙafar. Idan bai daina ba, ba ƙafar kaɗai za a yi magana ba.

Kuma ya daina, Yaya, ina shaida. Ya zubar da tabar a shara, Solvej ta wanke duk kayansa, ya yi ta tauna alewa yana zagin kowa. Kafin mako ya zagayo tarin ya fara sauƙi. Ranar Lahadi ya shigo falo da sabuwar riga, babu wari, zai zauna a kujerar. Inna ta ƙwalla ihun da ban san tana da ƙarfinsa ba. Ta ce wane ne wannan baƙon, wa ya bar shi ya shigo, ina Ejnar. Ta ƙi abinci, ta ƙi magani, ta kafa ido a ƙofa tana kuka, tana cewa ya sake tafiya bai sallame ta ba. Haka aka kwana biyu. A na uku da hantsi na leƙa ta tagar kicin, na ga Troels tsaye bayan ɗakin ajiya cikin iska, ya kare ashana da tafinsa yana kunna taba. Na fita da niyyar fizgewa. Ya dube ni ya ce, "Kai ka shiga ka gaya mata ya mutu, in ka iya." Ban iya ba. Na koma ciki. Da ya shigo, Inna ta kama hannunsa mai rawayar yatsu ta ɗora a kumatunta, ta cinye burodinta tas.

Jiya da rana na tarar ta sa Solvej ta sauko mata da ƙaramar jakarta ta tafiya, ta zuba rigar barci da littafin waƙoƙin coci. Na tambaye ta ina zuwa. Ta amsa cikin natsuwa, kamar mai faɗin lokacin jirgi, wai Ejnar ya ce za su tafi kafin Kirsimeti, amma shi zai yi gaba da 'yan kwanaki saboda ya riga ya san hanya. Na sami Troels na ce wannan wace irin magana ce zai gaya wa tsohuwa. Ya ajiye tabar da yake naɗawa. Ya rantse mini bai taɓa faɗa ba. Na san fuskarsa idan yana ƙarya, ko da ta tsufa, kuma ba ƙarya yake yi ba.

Ki gaishe mini da Alistair, da Dorrit da mijinta, da Nils, ki ce masa in har yanzu yana ɓoye sigari a mota, kawunsa yana roƙonsa ya bari. Solvej tana gaishe ku, Laurids ma ya ce in miƙa gaisuwarsa.

Na san kin shirya zuwa da bazara. Kada ki jira bazara, Yaya. Ki nemi jirgi cikin makon nan. Ban san wanne daga cikinsu nake kiran ki ki zo ki gani ba.

Naki ƙane,
Vagn