Takardar da Gwaggo Za Ta Sa wa Hannu

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan da tsayuwa gaban inji ke sa miki? Ni lafiyata ƙalau, abin da ke cikina ma haka, ungozomar asibiti ta ce wata shida da rabi ke nan.

Na rubuto ne saboda idan kika kira ni a waya bakina mutuwa yake yi, sai in ce miki komai daidai. Komai ba daidai ba, Yaya. Yau kwana ashirin da uku rabona da kwana a gidan Gwaggo. Ranar da mijinta ya gane halin da nake ciki bai yi faɗa ba, ya dai ce mata yana da 'ya'ya mata biyu da yake wa tarbiyya, kada ya dawo daga aiki ya tarar da ni. Gwaggo ta haɗa mini kayana tana kuka, ta raka ni bakin titi. Wanda ya kamata ya tsaya mini kuwa, iyayensa sun tura shi wani gari, layinsa ma ba ya shiga.

Yanzu a shagon ɗinki na mamar ƙawata Doguwa nake kwana. Idan sun tashi aiki sai in tura kekunan ɗinki biyu jikin bango, in shimfiɗa tabarma tsakanin teburin yanka da buhun ƙyallaye. Da safe in naɗe komai kafin masu ɗinki su fara zuwa, in wuce makaranta. Mai ginin bai sani ba. Mamar Doguwa ta ce ni dai za ta iya ɓoye ni, amma ba ta san yadda ake ɓoye kukan jariri a bayan labulen gwaji ba. Gaskiya ta faɗa.

Ba cewa nake ki ɗauke ni ba. Na san ku takwas ne a ɗakin ma'aikata, ko baƙon yini ba a bari.

Malamar lissafi ta tura ni ofishin walwalar jama'a, na je jiya. Matar da ke teburin, wadda na sa wa suna Mai Tabarau a raina, ta ce hanya uku ce. Ko a sasanta ni da dangi in koma, ko a nemo wani iyali su riƙe ni, amma jiran wannan yana kai wata takwas. Ta ukun wani gida ne na 'yan mata irina, ɗaki goma, kowa da nata, ungozoma na zuwa duk mako, kuma ana barin mutum ya ci gaba da karatu. Ɗaki ɗaya zai fito ƙarshen wata. Yaya, ɗakin nan nake so, har na fara tunanin inda zan jera littattafaina.

Sharaɗin shi ne wanda nake hannunsa ya rubuta cewa ba zai iya riƙe ni ba, su kuma su je gidan su gani da idonsu. Ranar Alhamis za mu je. Abu ɗaya ke damuna. Da ta tambaye ni ko inda nake kwana da daɗi, kafin in yi tunani na ce mata Alhamdu lillahi, sai na ga ta rubuta wani abu.

Ki gaishe mini da 'yan ɗakinku.

Taki har kullum,
Autar Mama

Ranar Asabar

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin tashi lafiya. Saƙonki ya iso, na gode da rigar sanyi, ta rufe cikin sosai.

Mun je gidan Gwaggo, kuma da na sani da ban bi su ba. Ashe tun da aka yi mata waya ta share gidan har ƙarƙashin kujeru. Ta kwashe kayan 'ya'yanta daga ɗakinmu na da, ta shimfiɗa sabon zanen gado mai furanni wanda ko ni ban taɓa gani ba, ta rataye hotona na aji uku a bango. Ta kawo wa Mai Tabarau shayi a kofin baƙi. Da aka zo maganar takarda, sai ta dafe ƙirji, ta ce ni 'yar ɗan'uwanta ce uwa ɗaya uba ɗaya, gidan nan gidana ne, wane ne zai kore ni tana raye? Ga maƙwabta biyu a bakin ƙofa, wai sun zo aron tsintsiya.

Mai Tabarau ta juyo ta tambaye ni ko haka ne. Gwaggo na kallona, idonta cike da roƙo. Yaya, matar da ta riƙe ni tun rasuwar Mama, ta yaya zan ƙaryata ta a gaban baƙuwa da maƙwabta? Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina, aka ɗauki shiruna a matsayin e.

Motar ofis na juya kwana Gwaggo ta ninke zanen gadon, ta sa mini burodi a leda, ta ce in yi sauri kada mijinta ya dawo.

Jiya na koma ofishin. An sa ni cikin masu matsuguni, wato can ƙasan jerin masu jiran ɗaki. Mai Tabarau ba ta yi mini tsawa ba, ta ce ita abin da ta gani da abin da ta ji kaɗai doka ta ba ta damar rubutawa, kuma ta ga gado, ta ji gwaggo, ni ce ba ta ji ba. Haushin kaina ya fi na kowa. Ni ce ta ɗaya a rubutun insha'i shekara biyu a jere, amma jimla ɗaya ta gagare ni.

Na roƙi Gwaggo a waya, ta ce in bar ta da abin da ke damunta, ba za ta bari a ajiye takarda a ofis mai cewa ta kori jininta ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Autar Mama

Ranar Laraba

Yayata abar alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki. Ki yi haƙuri na yi sati uku shiru, ba ni da abin faɗa ne sai yau.

Mamar Doguwa ce ta gaji. Ta yi wa Gwaggo waya cewa ta zo ta karɓi wani tsohon ɗinkinta da sassafe, ba ta kuma gaya mini ba. Gwaggo ta shigo ta same ni ina riƙe da ƙafar keken ɗinki ina ƙoƙarin miƙewa daga tabarma, ƙafafuna a kumbure, zare duk ya manne mini a kai. Ta daɗe tsaye tana kallon buhun ƙyallayen da nake matashi da shi. Daga nan ta ja kujera ta zauna, ta ce in ɗauko biro.

Kin san idonta ba ya ganin layi sosai, don haka ni na rubuta takardar korar kaina, a kan teburin yanka. Na yi ta yadda aka koya mana, kwanan wata a sama, sakin layi a inda ya dace, har sau uku ina sakewa don kada a ga gogewa. Ta ƙi yarda da kalmar kora, muka tsaya a kan cewa babu halin in zauna. Ta dage sai na ƙara cewa ni yarinya ce mai ladabi, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Na ce ofis ba su tambayi wannan ba, ta ce ita ta tambaya. Ta sa hannu a hankali, harafi ɗaya bayan ɗaya.

Na kai takardar jiya. An ba da ɗakin tun ranar Litinin. Na ma ga yarinyar da ta samu, ba ta kai ni shekaru ba, a tashar mota take kwana. Na so in ji haushinta, na kasa.

Wannan karon da Mai Tabarau ta tambaye ni yadda nake kwana, na gode wa Allah a zuciyata, da bakina kuma na lissafa mata komai, har bokitin da nake tsallaka titi da shi don ɗebo ruwa. Ban tsaya ba sai da na gama. Ta cika shafi guda. Yanzu ni ce ta farko a jerin, sun kuma ba ni katifa mai naɗewa.

Ɗaki na gaba sai nan da sati shida. Ungozoma ta ce haihuwa saura sati takwas, amma na fari ba ya bin lissafi. Ki taya ni addu'a, Yaya, jaririn nan ya gado kunyar uwarsa, ko sau ɗaya kunyar ta yi amfani, ya zauna shiru a inda yake sai an ba mu makulli.

Taki mai ƙaunarki,
Autar Mama