Hutun da Na Bar wa Agogo

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni ma lafiya, in dai ana kiran kumburin ƙafa da ciwon baya lafiya.

Albishirinki. Shugaba ya sa hannu a takardar hutuna: mako uku, daga farkon watan gobe, bayan shekara huɗu ina roƙo. Ki gaya wa Auta wannan karon ba hoto za ta gani ba. Zaren da kika auna ƙafarta da shi ya iso, na kai shi shago na zaɓo mata jan takalmi daidai tsawonsa.

Kin tambaya ko ina zuwa coci. Ina zuwa. Ni da na shekara goma ina koyar da Littafi Mai Tsarki a gida, yanzu bencin baya nake zama ina gyangyaɗi. Ban bar Allah ba, gajiya ce ta yi mini katutu.

Aiki yana nan yadda kika sani, wankin zannuwan gadon asibiti, tururi daga safe har yamma. Zanin gado ba ya ninkuwa da mutum ɗaya. Kowa ya kama kusurwa biyu, a ja, a kaɗe, a tako a haɗu a tsakiya. Abokin ninkina wani tsoho ne da muke ce wa Agogo. Shi ya kai ƙarata sau uku kan makara, har aka hana ni aikin inji, wanda a zaune ake yinsa. Ba zan yi masa ƙarya ba, na makara ɗin, kuma a wajen nan babu mai ninki irin nasa. Amma shekara biyu ke nan hannunmu na haɗuwa sau ɗari a wuni, ko sannu ba ta shiga tsakaninmu. Mako uku ba ganin fuskarsa, wannan kaɗai ma hutu ne.

Ki gaida Inna da yara.

Mijinki

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yaya jikin Inna? Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Ran Talata muna tsakar ninki, kusurwar hagu ta suɓuce wa Agogo. Har na buɗe baki zan rama, sai na ga bakinsa ya karkace. Ya sulale ƙasa da zanin a hannu. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Sun sallame shi, sun ce gidan kula da tsofaffi zai karɓe shi, amma gurbi ba zai samu ba sai nan da mako uku. Ba mata, ba ɗa, ɗaki ɗaya a hawa na huɗu.

Na sanar a coci. Fasto ya zo da mutum biyar, suka yi addu'a mai kyau, suka sauka. Ban ga laifinsu ba, kowa da aikinsa a wuya, wata 'yar'uwa ma ta ɗauki nauyin abinci kwana biyu a mako. Sai dai addu'a ba ta kai mutum bayan gida.

Ni kayansa kawai na je kai masa daga wurin aiki. Na tarar ya jiƙa shimfiɗa tun safe, ya juya fuska bango don kada mu haɗa ido. Na tsaya a bakin ƙofa da jakar a hannu. Na tuna ranar da na koyar da yadda Ubangiji ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda zai bashe shi, kika ce mutane sun yi kuka. Ashe koyarwa ba ta da wari. Na ajiye jakar na nemo ruwa.

Na roƙi shugaba ya ɗaga hutun zuwa wani wata. Ya ce jerin ya cika, in ban ɗauka yanzu ba sai baɗi. Don haka zan ɗauka, amma a hawa na huɗu zan ci shi. Ba zan zo ba.

Kada ki ɗauka zuciyata ta yi fari. Ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, har Allah na yi wa ƙorafi. A cikin mutanen garin nan duka, sai ni? Amma na duba dama da hagu, ba wanda ke da mako uku a hannu sai ni. Ki yi fushi, hakkinki ne. Auta kuwa ban san abin da za ki ce mata ba.

Mijinki

Zuwa ga matata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara da Inna. Wasiƙarki ta same ni jiya. Na kwana biyu ina shirin faɗa, sai na tarar da layi huɗu. Kin ce in riƙa juya shi bayan kowace awa biyu don kada baya ya yi gyambo. In shafa masa mai a dunduniya da ƙugu. In ina yi masa wanka in riƙa hira ko waƙa, kada in dubi fuskarsa, don kunya ta fi ciwon zafi. Kika ce Auta ta yi kuka ta haƙura.

Na karanta sau uku kafin na tambayi kaina inda kika koyi wannan. Sai na zauna a kan matakala.

Shekara huɗu kina juya uwata. Innar da tun da na kawo ki ba ta taɓa yaba girkinki ba, wadda ta ce wa dangi kin mallake ni. Ni kwana goma sha biyu kawai na yi, bayana kamar zai tsage, kuma na cika wasiƙa da ƙorafi. Ke ba ki taɓa rubuta mini ko kalma ɗaya kan wannan ba. Kowace wasiƙa ina sa layi guda, yaya jikin Inna, in ga ai na sauke nauyi. Ni nake koyarwa a coci, ashe ajin yana cikin gidana ban taɓa shiga ba.

Agogo yana samun sauƙi kaɗan kaɗan. Harshe ya fara sakuwa. Kin san abin da ya fara ce mini? Na shigo da ruwan wanka, ya dubi agogon bango ya ce, “Ka makara minti biyar.” Na ce masa ya tashi ya kai ƙara. Ya yi dariya da rabin baki, hawaye na bin ɗaya kuncin. Bai ce na gode ba, ni ma ban jira ba. Da na kwaso shanya ya miƙo hannun da ke aiki ya kama kusurwa ɗaya, ni na kama uku. Ninkin bai yi kyau ba, kuma sai da ya faɗa mini.

Har yanzu ina jin zafin hutun nan, ba zan ɓoye miki ba. Takalmin Auta na aika da shi, kafin baɗi zai matse ta. In lokaci ya yi ki sake auna mini zare.

Akwai tambayar da ban taɓa yi miki ba cikin shekara huɗu, ki gafarce ni. Ki amsa mini da gaskiya, kada ki ce lafiya lau. Yaya bayanki?

Mijinki, mai jin kunyarki