Lofen Mama

Talata, 2 ga Yuli, 2024

Jiya muka dawo Dutse daga jana'izar Mama. Sati biyu a ƙauye, gaisuwa ba tsayawa, har muryata ta dishe.

Na buɗe ɗakinta da safe. Bargonta na nan, sandarta na jingine a bango. Amma warin taba ya ragu. Shekara uku tun da na ɗauko ta daga Filato ina yaƙi da warin nan, turaren wuta, omo, komai. Yau na tsaya tsakiyar ɗakin ina shaƙar iska kamar mai neman abin da ya ɓata.

Alhamis, 4 ga Yuli

Bari in rubuta, tunda ba wanda zan iya gaya wa.

Lofen Mama bai ɓata ba. Ni na ɗauke. A watan Afrilu ne, ranar da likita ya ce ƙirjinta ya lalace, in ba ta daina ba kada mu sake kawo masa ita. Tana barcin rana na zare shi daga gefen zaninta, na cusa cikin buhun acca a sito. Na ce mata wataƙila ya faɗi a asibiti. Haka na gaya wa mijina Dominic ma. Sati bakwai tana tambaya. Kullum bayan la'asar, lokacin da ta saba zama gindin darbejiya tana busawa, sai ta ce, "Susanna, ba a gani ba?" In ce ba a gani ba, Mama.

Kuma ba don likita kaɗai ba ne. Kunya nake ji. A unguwarmu ta Takur, tsohuwa mace da lofe a baki, maƙwabta na leƙe. A ƙauyenmu ba komai ba ne, kakata ma ta sha. A nan kuwa...

Ranar da za ta rasu ma ta tambaya.

Asabar, 6 ga Yuli

Na ciro shi. Kansa na yumɓu ya yi baƙi ƙirin, bakin kuma duk shatin haƙoranta. Na sa hanci. Sai da na zauna a kan buhun.

Laraba, 10 ga Yuli

Na hau mota har Kiyawa don kada wanda ya san ni ya gan ni ina sayen taba. Wani dattijo, na ji ana ce masa Malam Sale, yana zaune a rumfa da ganyen taba a ɗaure ƙulli-ƙulli. Ya tambaye ni na lofe ne ko na ci. Na ce na lofe, na mahaifiyata ne. Ya zaɓo mini mai kyau, ya ƙara gyara, ya ce in gaishe ta, irinsu sun yi ƙaranci yanzu.

Na ce za ta ji.

Juma'a, 12 ga Yuli

Ban buɗe shago ba, yau ma. Dominic na fita aiki na rufe ƙofar gida, na shiga ɗakinta.

Ashe abin ba sauƙi. Na murza ganyen, na cika kan lofen, na danne da babban yatsa sosai. Na ja, ba abin da ya fito, kamar mai tsotsar dutse. Ashana goma sha ɗaya. Na zazzage, na sake zubawa sako-sako, ya kama bal, ya ƙone nan take, toka ta biyo ta shige mini baki. Ɗaci har maƙogwaro.

Ita da hannu ɗaya take yi, tana hira.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na haɗiye hayaƙin. Tari har na durƙusa, kai na juyawa, na yi amai a bakin rariya. Harshena ya ƙone, ko shayi ba na iya sha. Shekarata hamsin da ɗaya. Me nake yi haka?

Talata, 16 ga Yuli

Matan zumunta na coci sun zo gaisuwa, su shida. Mun yi waƙa, mun yi addu'a. Shugabarmu ta shaƙi iska ta ce, ikon Allah, har yanzu ana jin Mama a gidan nan. Duk suka gyaɗa kai, wata har da hawaye. Na sunkuyar da kai. Lofen na cikin aljihun siket ɗina, da sauran ɗuminsa.

Ba ma warinta ba ne. Nawa ƙauri ne kawai, kamar an ƙona shara. Nata yana da wani zaƙi-zaƙi a ƙasa. Ban san inda nake kuskure ba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Dominic ya dawo daga sakatariya da wuri, kansa na ciwo. Ya same ni a kan gadonta, hayaƙi ya cika ɗaki, idona jawur. Ya daɗe yana kallon hannuna. Ba shan tabar ya tambaya ba. Cewa ya yi, "Ashe bai ɓata ba."

Ya juya ya fita. Da ma ya yi faɗa.

Asabar, 20 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Tabar ta yi sanyi, ta ƙi kamawa. Ni da Dominic, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan.

Litinin, 22 ga Yuli

Inna Gaji ta shigo da hantsi. Mahaifiyar Malam Ashafa ce, maƙwabcinmu mai makarantar allo. Ita ke zama da Mama in na tafi shago. Mama da 'yar Hausarta a karye, Inna da kunne ɗaya, amma sai su wuni suna hira, ban taɓa sanin me suke cewa ba.

Na ɓoye lofen a bayana kamar yarinya. Ta ce in fito da shi, kwana goma ke nan tana jin tarina ta katanga. Na zaci wa'azi za ta yi. Sai ta zauna a tabarma ta miƙo hannu. Ta ce marigayi mijinta a Aujara ya sha lofe shekara arba'in, ita ke cika masa, ko da yake ba ta taɓa kai shi bakinta ba, kuma ba ta so. Ta sa na kawo garwashi a kasko. Ta shanya ganyen kusa da wuta kaɗan. Ta tono kan lofen da tsinke, ta zura wani ta cikin bututun, wani baƙin danƙo ya fito. Ta zuba sau uku: na farko sako-sako, na biyu ta ɗan taɓa, na uku ta danna. Ba ashana, ƙaramin garwashi ta ɗora a kai. Ta ce in ja a hankali, in riƙe a baki, in saki. Ba a haɗiyewa. Ba a gaggawa.

Ya kama. Bai mutu ba. Kuma shi ne, warin nan nata, daidai.

Ina kuka ina gaya mata abin da na yi, buhun acca da komai. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ai ta sani, 'yar nan. Tun ranar ta sani. Ba barci take yi ba."

Wai in na tafi shago, Mama kan aike ta sito ta ɗauko. Mama ta riƙe shi, ta shinshina, ta sa a baki ba wuta. Kafin in dawo ta ce a mayar yadda yake. Inna ta taɓa ce mata bari ta samo mata taba a ɓoye, Mama ta ƙi. Ta ce, "Tsoro take ji kada in mutu. Bar ta."

Na ce to me ya sa take tambayata kullum? Inna ta ce wannan kam ba ta sani ba. Wataƙila jira take in faɗa da bakina.

Laraba, 24 ga Yuli

Wataƙila jira take.

Juma'a, 26 ga Yuli

Yanzu na iya. Cikawa ɗaya, garwashi ɗaya, har ya ƙone zuwa ƙasa. Ɗakin ya cika da ita, ƙofa kuwa ba wanda ya shigo. Ban san me na zata zai faru ba.

Na gaya wa Dominic maganar Inna Gaji. Ya ce shi ma ya ji daɗi lokacin da lofen ya ɓata, bai dai faɗa ba ne. Ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗakin har na gama. Da zai tashi ya ce ba ya son ya sake zaman asibiti da mai ciwon ƙirji. 

Talata, 30 ga Yuli

Na buɗe shago. Ɓeraye sun yi ɓarna a taliya. Wata mata da ta kwana biyu ba ta zo ba ta tambaye ni jikin Mama. Na ce ta rasu. Karo na farko da na faɗa da bakina ban shaƙe ba. Sai kuma na tsinci kaina ina ba ta labarin ranar da Mama ta kori ɗan akuyar maƙwabta da sanda, tana zaginsa da yarenmu, shi kuma ya tsaya yana saurare. Muka yi dariya, ni da ita, har wani mai sayen sukari ya juyo.

Ban kunna ba yau. Jiya ma. Ba wani dalili, ba a hura gawayi ba ne kawai, kuma na gaji.