Takarkarina da Ke Tsare a Gidan Shari'a

Zuwa ga Malam Tafinta, mai neman mu tura shi majalisa a Yamai.

Gaisuwa mai yawa, da ban gajiyar yawon neman ƙuri'a. Ni ce Hadiza mai kanwa ta kasuwar Filinge, matar marigayi Bako. Ka san ni, ko da yake ka daina gane ni tun da ka fara sa takalmin Nasara. Ni da uwarka turmi ɗaya muka yi daka. Ban iya rubutu ba, malamin unguwarmu ne ya riƙe alƙalami, amma maganar tawa ce, kuma na ce a karanta ta cikin kasuwa kowa ya ji.

Ranar Lahadi na gan ka bisa mota kana cewa Nasara sun kusa tafiya, mulki zai dawo hannun ɗiyan ƙasa, ɓarawo zai rasa wurin ɓuya. Na yi guɗa tare da mata. Sai da na koma gida na tuna da takarkarina.

Na farko. Damina biyu ke nan da aka kwance mini shi, jan sa mai karyayyen ƙaho, wanda mijina ya bar mini, shi ke ɗauko mini kanwa. Na bi sawu da ƙafata kwana uku har kusa da Abala, na iske shi ɗaure a garken wani mutum. Yana jin muryata ya tsinke igiya ya zo. Mutanen ƙauyen sun gani.

Na biyu. A gidan shari'a na yi bayani mai tsawo, har da kuka. Ka juya wa kumandan, Nasaran da ke yanke shari'ar, da kalma huɗu. Ɓarawon ya ce, "Ni saye na yi." Sai ka kama Faransanci, ka yi ta yi har kumandan ya gyara zama ya sha ruwa. Ban san Hausa na kumbura haka in ta shiga bakinka ba. Ragon da aka gani ɗaure a ƙofar gidanka da safen nan, an ce ɓatan hanya ya yi. Na yarda.

Na uku. Aka sallami ɓarawo, aka tsare sa, wai shi ne shaida. Da na tambaya ko san ne ya saci kansa, aka kai ni kaso kwana biyar saboda rashin ladabi. Tun ranar, mai shaidar nan yana garkarka ta albasa yana jan guga. Kullum na wuce ina ganin haƙarƙarinsa a waje. Ni kuwa bisa kai nake ɗauko kanwa, wuyana ya daina juyawa, jikokina biyu marayu suna cin abin da kan tsohuwa ya iya ɗauka.

Na yi ta zarya biro, ofishin kumandan. Yau ka ce takarda ta tafi Yamai, gobe ka ce kumandan yana rangadi. An sake kumandan har biyu, san bai gama ba da shaida ba.

To ɗana, ga abin da ke damuna. Wanga aiki ka yi shi ne Nasara na zaune, kana tsoronsa. Shi aƙalla muna cewa bai jin Hausa. In ya tafi ka hau kujerarsa, me za mu ce?

Roƙona kaɗan ne. A maido mini sana yana numfashi, ban son fata. A sake kiran ɓarawon; nemansa ba wuya, shi ne mai riƙe maka laima bisa mota. In kuma kun kafa taku shari'ar, a bar talaka ya faɗi ƙararsa da bakinsa.

An ce bana mata ma za su jefa ƙuri'a, har an ba ni takardata. Mu masu kanwa da masu nono da masu daddawa mun fi gardawan kumandan yawa, kuma na bincika, an tabbatar mini akwatin ba ya aiki da tafinta.

Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan uwarka, ya haɗa ka da mai shari'a irinka ranar da kake da ƙara.

Wassalam.
Hadiza mai kanwa, Filinge.