Wasiƙar da Na Aika Sau Biyu

Litinin, 6 ga Maris

Makarantar likitanci ta Halbrook ma sun sa ni a layin jira. Da Marlow, biyu ke nan. Ba su ɗauke ni ba, ba su kore ni ba, sai wani ya ajiye gurbinsa a kira na baya. To ni ban ga abin kuka ba. Bara makarantun likitanci goma sha huɗu na nema, ko intabiyu ba wanda ya kira ni. Bana biyu sun gan ni ido da ido, kuma sun kasa ce min a'a. Shekara uku ina bin likitoci a sashen gaggawa, kwamfuta a hannu, ina rubuta duk abin da suka faɗa a kan mara lafiya. Na san aikin nan fiye da rabin waɗanda aka ɗauka. Bana sai na shiga.

Yayana Glenn ya ce layin jira shi ne saurayi ya ce miki "zan kira ki". Ban kula shi ba. Mutumin da ya faɗi jarrabawar tuƙi har sau biyu.

Alhamis, 9 ga Maris

Abin da ya rage yanzu wasiƙar alkawari ce. Ki zaɓi makaranta ɗaya ki rubuta mata cewa ita ce ta farko a zuciyarki, in ta ba ki gurbi za ki zo, ki janye daga ko'ina. Ɗaya tak ake aika wa, kowa ya san haka. Masu zaɓen ɗalibai ba sa son su kira mutum a watan Mayu ya ce musu bari ya yi shawara, shi ya sa wasiƙar take da nauyi a wurinsu.

Renata, abokiyar aikina, tuni ta sami nata gurbin a Michigan, yanzu ta zama malamar kowa. Muna cin abincin rana ta ce, "To Lorna, wacce?"

Na ce Halbrook mana, har sai an tambaya? Bakin teku, babban birni, asibiti hawa goma sha biyu. Marlow kuwa tafiyar awa biyu daga gida, a tsakiyar gonakin masara. Shekara ashirin da shida ina kallon masarar Ohio, ta ishe ni.

Ta ce, "Amma Marlow sun fi ɗiban 'yan layi, kin dai sani ko?"

Na sani.

Lahadi, 12 ga Maris

Na rubuta wasiƙar bayan mun dawo daga coci. Shafi ɗaya. Ba yabon kai ba, ta yi kyau! Da ni ce a kwamitin, da na ɗauki kaina tun a sakin layi na biyu.

Talata, 14 ga Maris

Na aika wa Halbrook. "In kuka ba ni gurbi, zan zo." Shi ke nan.

Asabar, 18 ga Maris

Na zauna na yi tunani da kan mutum mai hankali. Halbrook suna da mutum wajen ɗari biyu a layi, bara an ce biyar suka kira. Marlow sun kira talatin. In zuba duk begena a wuri ɗaya, in ƙara shekara ina rubuta "mara lafiya ya ce cikinsa na ciwo"? Haba.

Na aika wa Marlow ita ma. Na cire zancen teku, na sa zancen yi wa ƙauyukan jiharmu hidima. Jimlar ƙarshe dai ita ce, ban taɓa ta ba.

Ba doka na karya ba. Su ma ai mutum ɗari biyu suka rubuta wa "kina cikin waɗanda suka fi burge mu". Kuma wa ya taɓa jin makaranta biyu sun kira mutum ɗaya daga layi? Ɗaya ce za ta kira, in cika mata alkawari, ɗayar ba za ta taɓa sani ba. Wannan dabara ce, ba ƙarya ba.

Laraba, 22 ga Maris

Dakta Tully ta tsayar da ni a bakin ɗakin magani. Ita ce babbar likitar sashenmu, shekara talatin a aiki, ba ta kiran kowa da sunansa na farko, kuma ban taɓa ganin haƙoranta ba sai in tana cin tuffa.

"Petrak. Kin aika wasiƙar alkawari?"

Na ce na aika. Ta ce wa na aika wa? A Marlow ta yi karatu, duk sashen ya sani. Bakina ya ce Marlow.

"Su kaɗai?"

"Su kaɗai, Dakta."

Ta ce akwai wani Dakta Osgood a kwamitin Marlow, ajinsu ɗaya. Za ta buga masa waya. Ta ce mutum huɗu kawai ta taɓa yi wa haka tun da take, kuma duk huɗun sun je. "Ba na buga wa kowa waya sai na tabbata. Kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Me zan ce? In ce mata dakata, akwai wata makarantar da na fi so? Dakta Tully da kanta za ta yi waya saboda ni! Duk yinin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Juma'a, 24 ga Maris

Na yi kuskuren gaya wa Renata. Ta ajiye cokali ta ce, "Ke, kina da hankali kuwa? Matar nan sunanta ta ɗora a kan maganarki." Na ce ta kwantar da hankalinta, Halbrook ba za su kira ba, lissafi ne. Ta ce to in ba za su kira ba me ya sa na rubuta musu? Wanda ya riga ya sami wurin zama ai ya iya wa'azi.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Miyar kabeji a gida. Mama ta riga ta gaya wa rabin matan coci cewa 'yarta za ta zama likita. Baba kuwa ya duba man motata ya ƙara wa tayoyi iska, wai ko za a kira ni wani wuri da gaggawa.

Talata, 11 ga Afrilu

Shiru.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Shiru har yanzu. Ba komai, sai ƙarshen wata masu gurbi biyu da uku suke sakin sauran. Mako mai zuwa layi zai motsa. Na daina barin wayata a kabad ko ina cikin aiki.

Talata, 2 ga Mayu

Marlow sun kira! Ƙarfe goma da kwata, ina tsaye a bayan wani tsoho da ya yanke yatsa da injin yankan ciyawa. Na fita baranda na ɗauka. Matar ta ce, "Muna magana da Lorna Petrak?" Ban san me na ce ba bayan nan. Zan zama likita. Ni, 'yar mai gyaran motar bas. Mama ta yi ta ihu a waya har maƙwabciya ta leƙo. Glenn ya ce yanzu dai zai fara rashin lafiya kyauta.

Ban faɗa ba? Na ce bana sai na shiga.

Alhamis, 4 ga Mayu

Halbrook.

Tirƙashi. Mutum ɗari biyu a layi, ni suka kira. Mutumin ya ce wasiƙata ta taɓa su ƙwarai, sun ji daɗin sanin cewa su ne zaɓina. Sun ba ni zuwa Talata in sa hannu.

Na zauna a mota na yi ta dariya ni kaɗai. Makaranta biyu! Glenn ya zo ya ga "zan kira ki". Sai da na tayar da mota na tuna sauran zancen.

Halbrook zan je. Ita nake so tun farko. Mutane suna janyewa kullum, maɓalli ɗaya za ka danna a shafin intanet na makaranta, ba sai ka yi wa kowa bayani ba.

Juma'a, 5 ga Mayu

Dakta Tully ta yi min murmushi yau. Na gaske, da haƙora. Ta ce Osgood ya kira ta, wai an yi ta ja-in-ja tsakanina da wani yaro mai maki fiye da nawa, maganarta ce ta raba gardama. "Na ce masa yarinyar nan in ta ce za ta zo, to ta zo."

Na ce na gode, Dakta. Na rubuta hawan jinin gado na uku a takardar gado na huɗu, sai da nas ta gyara min. Shekara uku ban taɓa yin haka ba.

Lahadi, 7 ga Mayu

Na fasa ƙwan a teburin abinci, na gaya wa 'yan gida komai. Glenn ya ce, "To sai me? Ɗaure ki za su yi? Tafi bakin tekunki, tsohuwar za ta huce." Mama ta ce ita dai duk inda zan fi jin daɗi, amma Marlow kusa ce, ba wai tana cewa komai ba ne.

Baba yana ta yanka namansa ƙanana-ƙanana. Can ya ce, "Da ta tambaye ki, me kika ce wa matar?"

Na ce Baba ba ka gane yadda tsarin yake ba, kowa haka yake yi.

"Na ji. Me kika ce mata?"

Na tashi na hau wanke kwanonin da ba a gama ci a cikinsu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, ko ta ina na juya na saɓa wa wani. Biyu na yi wa alkawari. Sai dai Halbrook gini ne da kwamiti, ba su san fuskata sosai ba. Ita kuwa gobe ƙarfe bakwai zan gan ta.

Litinin, 8 ga Mayu

Na gaya mata. A ofishinta, a tsaye, duka: wasiƙa biyu, da "su kaɗai" ɗin da na ce mata. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta, ta daɗe tana gogewa.

"Gurbin naki ne, Petrak. Kin cancanci duka biyun, je inda kike so." Sai ta ce ranar Laraba za ta kira Osgood da kanta, kada ya ji a wani wuri. "Zan ce masa ban san mutane ba kamar yadda na zata. Wanda zai zo bayanki kuma sai ya nemi mai yi masa waya."

Na buɗe baki, ta ce gado na shida yana jiranmu.

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi, wallahi.

Talata, 9 ga Mayu

Na rubuta wa Halbrook ba zan zo ba. Ban danna maɓallin kawai ba, na rubuta musu gaskiya: na yi musu alkawari, na yi wa wata makarantar irinsa, laifina ne, su ba na bayana gurbin. Renata ta ce hauka ne, in suka kai ƙarata Marlow fa, in tashi ba ko ɗaya? Na ce ba za su kai ba.

Na gaya wa Dakta Tully a baranda. Ta ce, "To." Ta wuce. Ban san ko za ta kira Osgood gobe ba duk da haka, ban kuma iya tambaya ba.

Juma'a, 12 ga Mayu

Amsar Halbrook, layi ɗaya: sun karɓi saƙona, suna min fatan alheri. Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba saboda layi ɗaya.

Asabar, 20 ga Mayu

Na je Marlow neman ɗaki, ranar ta zo daidai da taron sababbin ɗalibai. Garin bai kai munin da nake faɗa ba. Akwai wani shagon burodi mai kyau kusa da asibitin, kuma ana samun wurin ajiye mota. Dama ni kifi bai dame ni ba, iskar teku kuma ɓata gashi take yi. Duk wanda ya tambaye ni, dalilina ke nan. Na yi tunani da kan mutum mai hankali na zaɓi wadda ta fi dacewa da ni, ba don kowa ba.

Ana cikin shan kofi wani dogon tsoho mai sanƙo ya karanta sunana a katin da ke ƙirjina ya miƙo hannu. Osgood. Na tsaya ina jiran in ga ko ya sani.

Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ke ce ta wajen Maureen Tully. Ta ce min in kika ce za ki zo, to kin zo."

Na ce, "Ga ni, Dakta."

Bayan nan na koma mota na ɗan zauna, ban san minti nawa ba. Ƙurar furannin garin nan tana sa ido ruwa, sai na nemi magani kafin a fara karatu a Agusta.